Yadda Ake Gano Abin da Ya Kayar da Jirgin Kaya

"Malam, duk lokacin da na ga hoton jirgin ƙasa na dakon kaya da ya sauka daga layi, abin da nake gani tarin ƙarafa ne a cukurkuɗe, wani lokaci ma wuta ta cinye rabinsu. To ta yaya masu bincike suke gane musabbabin hatsari a cikin irin wannan tarkace? Kuma me ya sa sai an yi shekara ɗaya ko biyu kafin rahoto ya fito, alhali tun ranar farko an riga an ce laifin direba ne, ko birki ne ya tsinke?"

Ɗan'uwa, abu biyu kake son sani: ina shaida take a cikin tarkace, kuma me ke cinye lokaci. Amsar ta farko ita ce yawancin shaidar ba a cikin tarkacen take ba. Ai an ce ba inda ka faɗi za ka duba ba, inda ka yi tuntuɓe. Jirgi mai nauyin dubban tan ba ya tsayawa a wurin da matsala ta same shi, sai ya ja ta ya yi gaba da ita, tarin da ka gani a hoto kuma nan ne ƙarshen tafiyar. Mai bincike baya yake komawa. Da fari a kan layi da ƙafarsa, daga nan a cikin sa'o'in da suka gabaci hatsarin, daga nan a cikin takardun gyara da jadawalin aiki na watanni. Wannan komawa bayan ita ke cin shekarar da kake ƙorafi a kai. Aikina ya fi karkata ga layi da ƙafar tarago, don haka a nan zan fi daɗewa.

Sai ka san abin da ke riƙe jirgi a kan layi kafin ka gane yadda yake sauka. Ƙafafun tarago bibbiyu suke, a haɗe da sandar ƙarfe guda, suna juyawa tare. Fuskar kowace ƙafa an ɗan karkata ta, ta fi kauri ta ciki, kuma wannan karkatar ce ke mayar da ƙafafun tsakiya duk lokacin da suka zame gefe. Ta cikin ƙafar akwai leɓe mai tsayin kimanin santimita 3, wanda shi ne mai tsaro na ƙarshe. Wurin da ƙafa ke taɓa ƙarfen dogo kuwa bai fi santimita ɗaya murabba'i da 'yan kai ba, amma a kansa ake ɗora tan 11 a Turai, a Amurka ta Arewa ma ya haura tan 16. Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a wannan ɗan wuri: nauyin da ke danne ƙafa ƙasa, da ƙarfin da ke tura ta gefe. In na gefe ya kusa kamo na ƙasa, leɓe ya fara hawa kan ƙarfe. Wani injiniyan Faransa mai suna Nadal ya fitar da lissafin wannan sama da shekara 100 da suka wuce, har yau kuma da shi ake aiki. Ka lura cewa hanya biyu ce ke kai wa ga hawan: ko turin gefe ya yi yawa, ko nauyin da ke kan ƙafar ya ragu. Ta biyun ce mutane suka fi mantawa da ita, kuma saboda ita ne tarago marar kaya ya fi mai kaya saurin sauka.

Ranar farko

Da zarar an gama ceton rai kuma masu kashe gobara sun ba da izinin shiga, ana fara tsere tsakanin mutane biyu. Kamfanin jirgi yana son katafila ta ture taragu gefe a buɗe layi, domin kowace sa'a asara ce, mai bincike kuma yana son kada a taɓa komai. Babu wanda ke samun duk abin da yake so. Abin da ake yi shi ne a fara kama shaidar da ba ta jira: zafin ƙarfen dogo a lokacin, zafin boris na ƙafafu, iskar da ta rage a tankunan birki, inda hannun birki da na maƙura suke a ɗakin direba, inda masauyin layi (ƙarfen da ke karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan) ya fuskanta, da sawun da ƙafa ta bari a kan ƙarfe, wanda raɓar dare ɗaya ke iya rufe shi da tsatsa. Ana sauke bayanan na'urar da ke naɗar gudu da birki da ƙaho a kan jirgi, da na kyamarar gaba in akwai, ana ɗaukar hoton wurin daga sama, ana rubuta lambar kowane tarago da inda ya kwanta. Abin da aka rasa a wannan rana ba ya dawowa. Bayan taho-mu-gamar Tempi a ƙasar Girka a Fabrairun 2023, inda jirgin fasinja da na kaya suka haɗu mutum 57 suka rasu, ɗaya daga cikin manyan koke-koken da aka yi shi ne an yi gaggawar share wurin, shaidu masu muhimmanci suka salwanta.

Daga nan sai tafiyar ƙafa. Kana barin tarkacen a bayanka, kana bin layi zuwa inda jirgin ya fito, idonka a kan katakai ko kankaren da aka shimfiɗa ƙarfen a kai. Ƙafar da ta sauka tana sarar su ɗaya bayan ɗaya, tana farfasa ƙusoshi da tsakuwa. Kana bin saran har inda ya ƙare, wato inda ya fara. Wannan wuri shi ne cibiyar binciken gaba ɗaya, daga shi ake auna komai.

Sawun da ke wurin yana magana in ka iya karatunsa. In ka ga siririn layi ya hau kan ƙarfen dogo, ya bi shi a karkace tsawon mita da dama kafin ya faɗa waje, to leɓe ne ya hau a hankali, kuma galibi ƙafar ta rasa nauyi ne, sai ka fara zargin murɗewar layi ko sifirin tarago da ya ƙage ko kaya da aka loda gefe guda. In sawun gajere ne, ya tsallake ƙarfen nan take, wani babban turi ne ya zo bagatatan. In babu sawu a kan ƙarfe sam, amma akwai sara ta ciki, sai ka duba ko ƙarafan biyu ne suka buɗe ƙafa ta faɗa tsakani. Tazararsu a yawancin layukan duniya milimita 1,435 ce, in katakai sun ruɓe ko ƙusoshi sun saki sai nauyi ya tura ƙarfe waje, kuma za ka ga gurbin gogewa mai sheƙi inda gindin ƙarfen ya daɗe yana kai da komo.

Sai a auna layi daga nan zuwa baya, tazara da tudu da murɗewa, taki bayan taki. Akwai tarko a nan wanda na sha ganin ya kama sababbin ma'aikata: layin da babu jirgi a kansa yana iya ba ka awo mai kyau, amma ƙarƙashin katakan akwai rami, sai nauyi ya hau yake nutsewa. Shi ya sa nake neman taɓo da ya fantsamo tsakanin tsakuwa, ko farin garin tsakuwar da ta niƙe, domin su ne ke nuna layin yana numfashi a ƙarƙashin jirgi. In da hali, a kawo inji ya taka wurin a sake awo.

Tafiyar kan yi nisa fiye da yadda za ka zata. A Agustan 2023 jirgin kaya ya sauka a cikin ramin Gotthard, hanyar jirgi da aka haƙa a ƙarƙashin duwatsu a ƙasar Suwizalan, mai tsawon kilomita 57. Ƙafar wani tarago ce ta fashe saboda tsagar da ta daɗe tana ci, amma jirgin ya ci gaba da jan taragon kilomita da dama kafin ya isa masauyin layi komai ya wargaje, kuma sai a Satumban 2024 aka buɗe ramin gaba ɗaya. A Llangennech ta yankin Wales na Birtaniya a 2020, birkin wani tarago mai ɗauke da man dizal ne ya kama a hanya, ƙafafun suka daina juyawa suka dinga gurzar ƙarfe har suka cinye, da suka zo masauyin layi suka kasa wucewa. A duka biyun, wanda ya tsaya duba masauyin layin da ya lalace zai ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Karyayyen ƙarfe: shi ya jawo, ko shi aka jawo wa?

A kowane hatsari za ka tarar da karyayyun ƙarafan dogo, wani lokaci gomiya. Aikin shi ne rarrabe wanda ya karye kafin jirgi ya sauka da waɗanda saukar ta karya. Fuskar karayar ita ke faɗa. Ƙarfen da aka karya da ƙarfi lokaci guda, fuskarsa sabuwa ce fes, mai kaushi da ƙyalli. Wanda ya gaji kuwa, wato tsaga ta fara daga ɗan tabo tana ƙaruwa kaɗan kaɗan da wucewar kowace ƙafa, za ka ga wani sashe mai santsi, mai duhu, da zobba a jere suna faɗaɗa daga inda ta faro, sai ragowar da ta ɓalle a ƙarshe. A ɗakin gwaje-gwaje ana iya ƙiyasta tsawon lokacin da tsagar ta ɗauka tana girma, daga nan tambaya ta koma kan takarda: yaushe motar da ke leƙa cikin ƙarfe da sauti ta bi ta nan, me ta gani, in ta gani wa aka gaya wa. Gargaɗin da nake yi wa kowa a wurin shi ne kada a haɗa gutsuren biyu don a ga ko sun dace. Hannu yana son yin hakan, amma gogayyar daƙiƙa ɗaya tana share abin da madubin ƙara girma zai karanta.

Akwai wata shaida da ba kowa ke tunawa da ita ba: taragun gaba da suka wuce lafiya. In ƙarfe ya karye a ƙarƙashin jirgi, ƙafafun da suka bi ta kan karayar kafin ta buɗe sosai suna ɗauke da tabon duka a fuskarsu, duk a gefe guda, tabon yana ƙara zurfi daga tarago zuwa tarago. Sau da yawa waɗannan taragun ne ake fara janyewa daga wurin saboda lafiyarsu lau, sai ka bi su tasha ka duba.

Zafin rana ya fi wannan wahalar kamawa. Layin zamani ana walda shi ya zama ƙarfe guda mai tsawon kilomitoci. Ƙarfe mai tsawon kilomita ɗaya in zafinsa ya ƙaru da digiri 30 yana son ya ƙara tsawon kimanin santimita 35, an kuwa ɗaure shi, don haka ƙarin sai ya zama matsi a cikinsa. Tsakuwa ce ke riƙe shi. Ranar da ta kasa, layi ya lanƙwashe gefe a cikin daƙiƙa. Matsalar ita ce bayan hatsari kowane layi a lanƙwashe yake. Sai ka tara alamu daga gefe: da tsakar rana abin ya faru? An taɓa tsakuwar wurin a 'yan kwanakin nan? An yi gyara lokacin sanyi aka ƙara guntun ƙarfe ba a rage ba? Kyamarar gaba ta nuna layi a miƙe lokacin da inji ya wuce, amma saukar ta fara daga tsakiya ko bayan jirgi? In amsoshin sun taru wuri guda, ka samu hanya.

Ta ɓangaren tarago, boris ne ya fi yin suna. Shi ke tsakanin sandar ƙafa da jikin tarago, in ya lalace yana zafi har ƙarshen sandar ya yi laushi ya tsinke. Wannan ya jawo hatsarin Mississauga a Kanada a 1979, inda aka kwashe mutum sama da 200,000 daga gidajensu saboda tankin iskar kulorin. Shi ne kuma ya kayar da taragu 38 a garin East Palestine na jihar Ohio a Amurka ranar 3 ga Fabrairun 2023. Gano boris ɗin bai ɗauki kwanaki ba, an tsince shi. Abin da ya ci lokaci shi ne tambayar da ta biyo baya. Ana dasa na'urorin auna zafi a gefen layi don irin wannan, kuma jirgin ya wuce uku. Ta farko ta ga boris ɗin tarago na 23 ya fi iskar waje zafi da kimanin digiri 21 a ma'aunin Salshiyas, ta biyu ta ga kimanin 57, ta uku kimanin 140. Sai a ta ukun ƙararrawa ta kaɗa wa direba, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Tsakanin ta biyu da ta uku akwai kusan kilomita 30, kuma kyamarorin gidaje da shaguna sun nuna wuta a ƙarƙashin taragon tun a wajen ta biyu. Ka ga ke nan "boris ya ƙone" gaskiya ne, amma bai gaya maka me ya sa tazarar na'urorin ta kai haka ba, ko wa ya yanke adadin zafin da za a tsayar da jirgi, ko me ya sa ba a ɗauki saurin hauhawar zafin a matsayin gargaɗi ba.

Inda babu abin da ya karye

Hatsarin da ya fi ba mai bincike ciwon kai shi ne wanda ka auna layi ka same shi cikin ƙa'ida, ka kwance tarago ka same shi cikin ƙa'ida, ka duba tuƙin direba ba ka ga inda ya saɓa ba, ga shi kuma jirgi a ƙasa. A nan sai ka koma ga yadda aka jera jirgin. Kowace mahaɗa tsakanin taragu biyu tana da ɗan sako-sako, in taragu sun haura 100 sai sako-sakon ya taru ya zama mitoci, jirgin yana miƙewa yana tsukewa a kan tudu da gangara. Ka shimfiɗa igiya a ƙasa a lanƙwashe, ka ɗaura dutse a ƙarshenta ka ja: tsakiyarta za ta bar lanƙwasar ta miƙe. Haka ke faruwa ga taragu marasa kaya da aka sa a gaba, masu nauyi a baya, inji ya ja da ƙarfi a cikin kwana. Akasin haka kuma, in aka taka birki gaba ya tsaya baya bai ji ba tukuna, nauyin baya ya taho ya matse marasa kayan ya tura su waje. Ana zuba bayanan na'urar naɗa da nauyin kowane tarago da taswirar layin a kwamfuta, a sake tafiyar, a ga ƙarfin da ya faɗa kan kowace mahaɗa a daidai wurin da sawu ya fara.

A ganina wannan ne wurin da bincike ya fi yawan karkacewa, domin sashen layi zai kawo takarda ya ce nasa lafiya, sashen taragu ya kawo tasa, sashen tuƙi ma haka, kuma duk gaskiya suka faɗa. Kowace ƙa'ida an rubuta ta ne bisa zaton sauran suna da sauran rara. Ranar da layi ya zo bakin iyakarsa, tarago ya zo bakin tasa, jan inji ma haka, a mita guda, babu rarar da ta rage. Rahoton da ya zaɓi ɗaya daga cikinsu don a samu wanda za a nuna da yatsa bai gyara komai ba.

Maganar "birki ya tsinke" kuwa, yawanci ba haka birkin jirgi yake aiki ba. Tun tsarin da George Westinghouse ya fitar a 1872, bututun iska ne ke bi ta ƙarƙashin jirgin daga kai har wutsiya, kuma raguwar iskar ce ke kama birki. In jirgi ya rabu biyu bututu ya tsinke, birki ya kama ko'ina da kansa. Shi ya sa a kusan kowane hatsari na'ura ke nuna birkin gaggawa, sai a duba daƙiƙoƙi a ga ko hannun direba ne ya fara motsi ko iskar ce ta fara zubewa daga baya. Raunin tsarin yana wani wuri: in iska ta zurare a hankali ƙwarai, birkin ba ya jin ta.

Lac-Mégantic a Kanada, 6 ga Yulin 2013, ita ce darasin da kowane mai wannan aiki ya sani. An ajiye jirgi mai tankuna 72 na ɗanyen mai a kan gangara a ƙauyen Nantes da ke kusa da garin, direba shi kaɗai, ya ɗaura birkin hannu 7 ya tafi masauki, ya bar inji ɗaya a kunne yana hura iska. Wuta ta tashi a injin, masu kashe gobara suka kashe shi kamar yadda aka koya musu, iska ta dinga zurarewa, jirgin ya gangara kimanin kilomita 11 ba kowa a ciki, ya shiga tsakiyar gari da gudun kusan kilomita 105 a sa'a. Mutum 47 suka mutu. A ranar farko kowa ya ce direba bai ɗaura birki isasshe ba, kuma haka ne, hukumar binciken Kanada ta ƙiyasta ana buƙatar tsakanin 17 da 26. Amma rahotonta na 2014 ya lissafa dalilai 18. Gwajin da direban ya yi don tabbatar da birkin hannun ya yi shi ne birkin iskar inji na kame, don haka ya ga jirgi bai motsa ba ya gamsu. Wutar injin ta samo asali ne daga wani gyaran wucin gadi da aka yi watanni takwas kafin nan. An saba ajiye jirgi a babban layi a kan gangara. Horo da sa ido na kamfanin sun yi rauni, hukumar da ke kula da kamfanin ba ta matsa ba, tankunan kuma masu siririn jiki ne. A 2018 kotu ta wanke direban da abokan aikinsa biyu.

Karo

In jirage biyu suka haɗu, tambayar tana sauyawa. Ba a cika neman abin da ya karye ba, ana neman wanda aka ba izinin shiga wannan yanki na layi, da abin da sigina ta nuna, da abin da direba ya gani. Na'urorin sigina na zamani suna ajiye tarihin kowane motsi, ana naɗar maganganun rediyo, sai a daidaita agogunansu da na jirgi, wanda shi kansa aiki ne, domin da wuya ka samu agogo biyu sun yi daidai. Ana rufe akwatunan sigina da hatimi kafin kowa ya taɓa waya. Ana kuma komawa wurin a irin wannan sa'a da irin wannan inji, a ga daga wace tazara ake hango siginar, ko rana na dukan ido, ko reshe ya tare. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a sa'a yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, don haka lokacin da direba ya hango ɗan'uwansa an riga an makara.

Sakamakon yana fitowa iri iri. A Chatsworth ta jihar Kalifoniya a Amurka a 2008, direban jirgin fasinja yana aika saƙon waya ya wuce jar sigina ya haɗu da jirgin kaya, mutum 25 suka mutu, kuma bayanan kamfanin waya ne suka tabbatar. A Balasore ta Indiya a Yunin 2023, sigina ta ba direba koriya alhali masauyin layi ya karkata zuwa inda jirgin kaya mai ɗauke da ma'adinin ƙarfe yake tsaye, kusan mutum 300 suka rasu, binciken ya kai ga kuskuren haɗa wayoyi a aikin gyaran sigina. Direban bai yi komai ba sai bin abin da aka nuna masa. A Graniteville ta jihar Karolina ta Kudu a Amurka a Janairun 2005, ma'aikata sun ajiye jirginsu a layin gefe a ƙarshen dogon yini, suka tafi ba su mayar da masauyin layi ba, layin kuwa ba shi da sigina da za ta tona, cikin dare wani jirgin ya shigo, tankin kulorin ya fashe, mutum 9 suka mutu.

Na ƙarshen nan kuskuren mutum ne ƙarara, amma ko a nan ba a rufe fayil. Tambayar da nake yi ita ce: in an ɗauko wani ma'aikaci mai irin wannan horo, aka sa shi a wannan sa'a bayan irin wannan aiki, zai iya yin haka? In amsar e ce, korar wannan mutum ba ta hana na gaba. Shi ya sa ake bin barcinsa na kwana uku, da lokacin da aka kira shi aiki, da lafiyarsa, musamman cutar toshewar numfashi a barci. Direbobin jirgin kaya ba su da tsayayyen lokaci kamar na fasinja, ana iya kiransu kowace sa'a. Binciken karon Hinton a Kanada a 1986, inda mutum 23 suka mutu, ya tarar ma'aikatan jirgin kayan ba su samu isasshen hutu ba, kuma karya ƙa'ida don a cim ma lokaci ya zama ruwan dare a kamfanin.

Hira da waɗanda suka tsira tana da nata ladabi. Da wuri ake yinta, kowa shi kaɗai, ba a gaban shugabansa ba, kuma ana barin mutum ya ba da labarinsa har ƙarshe kafin a yi masa tambaya. In abin da ya faɗa ya saɓa da na'ura, ba lalle ƙarya yake ba, firgici yana murɗa lokaci a kan mutum. Don a samu irin wannan magana ne ƙasashe da dama suka raba binciken kare hatsari da na 'yan sanda, suka kafa hukumomi masu zaman kansu: NTSB a Amurka tun 1967, TSB a Kanada tun 1990, RAIB a Birtaniya tun 2005. Aikinsu gano dalili ne, ba ɗora laifi ba. Wanda ya san maganarsa za ta kai shi kurkuku ba zai gaya maka cewa kowa a tashar haka yake yi ba, wannan kuwa ita ce jimlar da ka fi buƙata.

To ka haɗa duka: gwajin ƙarfe, sake tafiya a kwamfuta, dubban shafukan takardun gyara, hirarraki, sannan a aika daftarin ga duk wanda abin ya shafa ya nuna inda aka yi kuskuren bayani. A East Palestine rahoton farko ya fito cikin mako uku, na ƙarshe sai Yunin 2024. Ba a jiran na ƙarshen kafin a ɗauki mataki, in an ga haɗarin da ke iya maimaituwa gobe ana fitar da gargaɗin gaggawa a makonnin farko. Abin da ka ji ranar farko kuwa yawanci daga bakin mai magana da yawun kamfani ko ɗan siyasa ya fito, kafin a kammala ko tafiyar ƙafar.

Aikin yana da iyaka. Wuta mai tsanani tana narkar da fuskar karaya, ta cinye robar birki, wani lokaci har na'urar naɗa. In direba ya rasu, na'ura za ta gaya maka bai taɓa birki ba, amma ba za ta gaya maka ko barci ne ko suma ko tunani ya ɗauke shi ba, shi ya sa rahotanni ke cewa "dalilin da ya fi yiwuwa", wasu ma su bar dalilai biyu a tsaye. Batun diyya da hukunci na kotu ne da lauyoyi, ba fagena ba ne, kuma kotu na iya kallon hujja ɗaya ta yanke abin da ya bambanta da na mai bincike. Sannan yawancin waɗannan hukumomi shawara kawai suke bayarwa, ba su da ikon tilastawa. NTSB ta fara neman a sa na'urar da ke tsayar da jirgi da kanta in direba ya wuce jar sigina tun 1970. Sai bayan Chatsworth majalisar Amurka ta mayar da ita doka a 2008, kuma ba a gama dasa ta a layukan da dokar ta shafa ba sai ƙarshen 2020.